Alhajin kasuwa a majalisar jiha: lissafinsa muke buƙata, ba aljihunsa ba

Akwai wata magana da ake yawan faɗa a Kebbi duk lokacin da wani attajiri ya fito takarar majalisar jiha: "Ai shi da kuɗinsa ya zo, ba zai ci namu ba." Za ka ji ta a teburin mai shayi a Jega, ka ji ta a tashar motar Yauri, ka ji ta a bakin matan da ke layin zaɓe a Kamba. Masu faɗarta da zuciya ɗaya suke faɗa, domin sun gaji da ganin mutumin da ya shiga ofis a kan babur ya fito da jerin motoci. Ni dai ban yarda da ita ba. Ina ganin ta cutar da mu, ta kuma cutar da su kansu 'yan kasuwar da muke turawa Birnin Kebbi. Ɗan kasuwa yana da abin da majalisarmu ke matuƙar buƙata, sai dai ba shi muke nema a wurinsa ba. Aljihunsa muke zaɓa, lissafinsa kuwa mu bar shi a shago.

Kusan kowane gari a jihar nan yana da irin wannan bawan Allah, kuma labarinsu kan yi kama da juna. Ya taso yana yaron shago, ko yana bin babbar mota da albasar Aliero zuwa Legas da Anacha. Ya kwana a kan buhu, ruwan sama ya dake shi a hanyar Kwantagora, ya ga ranar da mota ta lalace a daji albasa ta fara ruwa tun ba a isa ba. Bayan shekaru ubangidansa ya sallame shi da ɗan jari. Daga nan ya shiga sayen shanshera, wato shinkafar da ba a sarrafa ba, da kaka a Suru ko Argungu, ya ajiye, ya fitar idan ta yi daraja. Wani busasshen kifin Yauri ne ya ɗaga shi, wani shanu, wani kuma kayan da ake tsallakawa da su ta Kamba zuwa Gaya da Doso a Nijar. Allah ya sa wa abin albarka, ya sayi mota ɗaya, ya ƙara ta biyu, ya buɗe gidan mai a bakin titi, ya kafa injin casar shinkafa. Ya kai iyayensa Makka kafin ya kai kansa. Ya gyara masallacin unguwa, ya haƙa burtsatse, azumi ya kama ƙofar gidansa ta cika da masu karɓar gero da sukari. Ba a jima ba fada ta san da zamansa, aka naɗa masa rawani.

Sai wata rana bayan la'asar dattawan jam'iyya su yi sallama a zaurensa. "Alhaji, jama'a ce ta aiko mu. Wanga karo kai muke so, ba mu ga wanda ya fi ka ba." Ya ce su ba shi lokaci ya yi shawara, ya nemi zaɓin Allah. Mahaifiyarsa ta kira shi ɗaki ta ce, "Ɗan nan, me ka rasa da za ka je nema a siyasa?" Abokan cinikinsa su rabu biyu, wasu na zugawa, wasu na jan kunne. Ƙarshe dai ya amsa, hotunansa su cika bangayen gari, sunan da aka san shi da shi a kasuwa ya koma Honarabul.

Kafin in faɗi abin da ke damuna, bari in kare shi daga masu raina shi, don suna da yawa a cikin 'yan bokonmu. Suna cewa wanda bai wuce sakandare ba me zai tsinana a zauren doka. Tsarin mulkin 1999 dai bai nemi digiri ba. Abin da sashe na 106 ya nema shi ne ilimi daidai matakin sakandare, da jam'iyyar da za ta tsayar da mutum, da shekarun da aka rage zuwa 25 a 2018. Kuma siyasar Arewa ba ta taɓa zama ta ma'aikatan gwamnati kaɗai ba. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, ƙananan 'yan kasuwa da teloli da mahauta ne suka ɗauke ta a ka suka kai ta garuruwa, suka sha ɗauri a kanta. Alhaji Aminu Ɗantata ya zauna a majalisar dokokin Jihar Arewa, ya kuma yi kwamishina a Kano zamanin Audu Bako. Maƙwabtanmu Sakkwatawa sun ba Attahiru Bafarawa, wanda daga kasuwanci ya fito, mulkin shekara takwas daga 1999 zuwa 2007. Don haka abin ba baƙo ba ne, ba kuma abin kunya ba ne.

Mutumin nan ma ya san abubuwan da babban sakataren ma'aikata bai sani ba. Ya san nawa buhun siminti yake yau a Birnin Kebbi, da nawa za a ƙara a kai shi Zuru. Ya san shinge nawa direba zai tsaya tsakanin Jega da Koko, da abin da zai fita daga aljihunsa a kowanne. Da gwamnatin tarayya ta hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019, shi ba a jarida ya karanta ba, ya ga manoman rani na Dandi suna yawo da jarka suna neman abin da za su zuba wa injin ban ruwa. Ya san wanda ke biyan bashi da wanda ke cinyewa. Kuma ya taso a wurin da ake ba mutum kayan miliyoyi a waya ba takarda ba shaida, saboda sunansa kawai. A kasuwa idan ka yi ƙarya sau ɗaya a Jega, kafin sati labarin ya isa Legas, babu mai sake ɗora maka kaya. Wannan tarbiyya ce mai tsada, ba a koyar da ita a aji.

Wurin da wannan sani zai yi aiki shi ne daidai abin da aka kafa majalisa dominsa. Majalisar dokokin Kebbi kujeru 24 ne, suna wakiltar ƙananan hukumomi 21. Tsarin mulki ya ce ba a fitar da kuɗi daga asusun jiha sai da amincewarsu. Ya ba su ikon kiran kwamishina ko shugaban hukuma su tambaye shi yadda ya kashe abin da aka ba shi. Ya kuma ce babban mai binciken kuɗi na jiha ya kai musu rahotonsa, kwamitin da ke kula da asusun gwamnati ya zauna a kansa. Idan Alhaji ya tura yaronsa sari Kano, ba ya wadatuwa da "an sayo, Alhamdu lillahi". Sai an sauke kaya an ƙirga, an duba rasit, an dawo da canji. Aikin ɗan majalisa ke nan, illa dai kuɗin na mutanen jiha ne, wanda aka tura sarin kuma gwamnati ce.

A wannan aiki wa zai fi shi? A kawo takarda a ce za a gina ajujuwa uku a ƙauye kaza a kan kuɗi kaza, shi kafin a juya shafi ya gama lissafin bulo da kwano da katako da ladan magina a kansa. A ce an sayo taki tirela ɗari, ya san farashin buhu a bakin kamfani, ya san kuɗin mota, ya san ragin da ake yi wa mai sayen da yawa. A ce burtsatse, shi da ya haƙa su da kuɗin guminsa ba wanda zai ninka masa farashi sau uku bai gane ba. Mutum ɗaya irinsa a kwamitin ayyuka, idan ya buɗe baki, zai iya tsirar da kuɗin da ya fi duk abin da zai raba a ƙofar gidansa cikin shekara huɗu. Amma ku tambayi kanku, yaushe rabon da ku ji ɗan majalisarku ya miƙe ya ce farashin nan bai yi ba, a dawo da takardar? Abin da muka saba ji a rediyo shi ne an gabatar da kasafi, an yaba wa mai girma gwamna, an amince.

Shirun nan yana da asali, kuma tun daga zauren can ya faro. Da yawa daga cikin dattawan da suka zo ba basirarsa suka hango ba, wanda zai ɗauki nauyin jam'iyya suka hango. A 2022 fom ɗin takarar majalisar jiha a APC naira miliyan 2 ne, na gwamna miliyan 50, a PDP kuwa na gwamna miliyan 21. Fom shi ne mafi araha a cikin tafiyar. A zaɓen fidda gwani na wancan lokacin, inda aka bi ta hanyar daliget, APC ta fitar da mutum biyar daga kowace mazaɓa, PDP mutum uku. Kebbi na da mazaɓu 225, idan ka raba su ga kujeru 24 za ka ga kusan mutum hamsin ko talatin ne ke yanke wa dubban jama'a wanda za su gani a takardar ƙuri'a. Mutum hamsin kuwa ba su fi ƙarfin aljihun mai gidan mai ba, kuma sun san haka. Bayan nan ga motocin kamfe, ga mawaƙa, ga samarin da ke rakiya, ga wakilan akwati, ga atamfa da taliya da sabulu. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce kada mai neman majalisar jiha ya kashe fiye da naira miliyan 30. Duk wanda ya taɓa zama kusa da ɗan takarar da ke fafatawa da gaske ya san yadda wannan iyaka ke zama rubutu kawai.

To, a nan ne maganar "ba zai ci namu ba" take karyewa. Ɗan kasuwa ba ya fitar da kuɗi ya manta. Tun yana yaro aka koya masa cewa uwar kuɗi ba ta mutuwa, ko ba a ci riba ba dole ta dawo gida. Wannan ba mugunta ba ce, da shi ya zama abin da ya zama. Amma idan ya zuba rabin jarinsa a takara, wannan ɗabi'ar da ta gina shi ita za ta hana shi barci. Albashi da alawus ba za su cike ramin ba. Abin da zai cike shi kwangila ce, kwangila kuwa a hannun waɗanda aka tura shi ya bincika take. Ranar da ya karɓi takardar aikin hanya ko ta samar da kujerun makaranta, ranar bakinsa ya mutu a zauren majalisa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mu ma muna da kaso a ciki, kuma kasonmu ba ƙarami ba ne. Washegarin rantsuwa ƙofar gidansa takan cika tun asuba. Wannan da takardar magani, wancan da kuɗin jarrabawar ɗansa, ga mai suna, ga mai aurar da 'ya, ga mai neman ragon layya, ga mai neman kujerar Makka. Ba na zargin kowa a cikinsu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a 2022 'yan Najeriya miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma Kebbi na cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. Matar da ta goyo yaro jikinsa zafi rau, takardar likita a hannunta, ba ta da lokacin sauraron bayanin kasafi. Ya ba ta, Allah ya ba shi lada. Inda nake da ja shi ne mun mai da wannan kyauta ita ce ma'aunin wakilci gaba ɗaya. Wanda ya yi shekara huɗu bai ce uffan ba amma ya raba babura da kekunan ɗinki, shi ake cewa ya yi aiki. Wanda ya tsaya kai da fata sai an sa kuɗin magani a kasafin asibitin yankinsa, ya ɓata da gidan gwamnati a kan haka, hannunsa ya bushe, shi ake kira marowaci a kayar da shi. 'Yan siyasa kuwa suna kallo, suna ɗaukar darasi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganin da Honarabul ke saya wa mutum goma kullum daga aljihunsa, shi ne maganin da ya kamata mutum dubu su tarar a asibiti, da ya karanta takardar da ya ɗaga wa hannu.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan ɓoyuwa, wadda ko mutumin kirki ba ya tsira daga gare ta. Mu ɗauki shinkafa, tunda ita ce abin alfaharinmu. A Nuwamban 2015 Shugaba Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin ƙasa. A 2016 aka fito da shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas, a 2017 aka buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ta Kamba ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Cikin waɗannan shekaru wasu sun yi arziki, wasu sun tsiyace, kuma dukansu 'yan kasuwa ne, dukansu 'yan jiha ɗaya. Mai injin casa yana son iyaka a rufe, mai fataucin Gaya yana son ta a buɗe. Manomi yana son shanshera ta yi tsada, mai injin yana son ta faɗi. Rufe iyaka ba hurumin majalisar jiha ba ne, amma rabon taki, da zaɓen waɗanda za a ba rance, da harajin kasuwa, da filin da za a ba kamfani, duk suna ratsawa ta gabanta ko ta gaban mutanenta. Idan wakilin manoman fadama shi ne mai sayen shinkafarsu, ranar da bukatarsu ta yi karo da tasa, muryar wa za a ji? Idan dilan taki ne ke zaune a kwamitin noma, wa zai tambayi dalilin da takin gwamnati ya ɓulla a kasuwa kafin ya isa gona? Ba sai mutum ya yi sata ba. Ya isa kawai ya yi shiru a ranar da magana za ta rage masa riba.

Doka ta hango wannan. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na biyar na tsarin mulki ta ce mai riƙe da muƙamin gwamnati kada ya sa kansa inda bukatarsa za ta ci karo da aikinsa, ta kuma hana wanda ke aiki na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, in ban da noma. Ta wajabta masa bayyana kadarorinsa a farko da ƙarshen wa'adi. Malamin makarantar gwamnati da ke son takara dole ya ajiye aiki kwana 30 kafin zaɓe. Amma Alhaji abin da yakan yi shi ne ya sa sunan ƙanensa ko babban ɗansa a takardun kamfani, wayarsa kuwa ba ta daina ƙara ba, yana cikin zaman kwamiti ana tambayarsa ko a saki kaya a farashi kaza. Takardar kadarorin kuma tana can a kulle a ofishin hukumar ɗa'ar ma'aikata, talakan da ya yi zaɓe bai taɓa ganinta ba.

Mu da muke alfahari da Gwandu da karatun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo bai kamata sai tsarin mulki ya koya mana wannan ba. Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, ɗan kasuwa ne mai sayar da tufafi. Malamanmu suna karantar da mu cewa bayan an yi masa mubaya'a ya ɗauki kayansa ya nufi kasuwa kamar yadda ya saba, Sayyidina Umar ya tare shi, aka yanka masa abin da zai ci da iyalinsa daga baitulmali domin ya bar ciniki ya fuskanci al'amarin jama'a. Babu wanda ya zarge shi da ha'inci, wa zai iya? Sun dai gane cewa taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda ke riƙe da iko idan ya shiga kasuwa, masu saye da masu sayarwa ba za su yi ciniki da shi kamar yadda suke yi da kowa ba. Idan an nemi haka daga Siddiƙu, ban ga dalilin da za mu ji nauyin nemansa daga Honarabul ɗinmu ba.

Sannan mulki yana da ɓangaren da kasuwa ba ta koyarwa. Ɗan kasuwa ya saba janye kuɗinsa daga inda ba riba, kuma daidai ne a shagonsa. Gwamnati kuwa an kafa ta ne saboda wuraren da ba riba: ɗakin haihuwa a ƙauyen Sakaba da mota ba ta shiga da damina, malamin da zai zauna a makarantar da ke bakin daji a Danko-Wasagu, rigunan ruwa da jiragen kirki ga mutanen Ngaski, waɗanda haɗarin jirgin Warrah na Mayun 2021 ya cinye musu 'yan uwa masu yawa. Mai saye idan bai gamsu ba sai ya wuce rumfar gaba, talaka kuwa ba shi da wata jihar da zai koma. A shagonsa maganar Alhaji ita ce ta ƙarshe. A majalisa dole ya zauna ya karanta takarda mai shafi ɗaruruwa, ya saurari wanda bai kai yaronsa arziki ba, ya jure a kayar da ra'ayinsa. Wasu suna koyon haka, kuma idan suka koya babu kamarsu. Wasu kuwa suna ganin zaman ɓata lokaci ne, sai kujerarsu ta riƙa zama wayam ranar muhawara.

Abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne asarar da gari ke yi. Kuɗin da aka buga hotuna da su, aka raba wa daliget, daga cikin jari aka zare su. Injin da ke aiki dare da rana sai ya koma rabin yini saboda ba kuɗin sayen shanshera. Motoci biyu a sayar. Samarin da ke lodi da masu awo da direbobi a rage su. Yaran shagon da ke jiran ranar sallama su ga shekara na wucewa maigida ba ya zama, wasu su gaji su tafi, wasu su fara taɓa abin da aka ba su amana. Bayan shekara huɗu ko takwas jam'iyya ta ce an yi maslaha, ko ta ce yanzu lokacin ɗaya gundumar ne, a ba wani tikiti. Ya dawo kasuwa ya tarar abokan hulɗarsa na Legas sun kama wani, gidan man ya yi tsatsa, jama'ar da ke cika ƙofa sun koma ƙofar sabon Honarabul. Kowa a jihar nan zai iya tuna wani da haka ta faru da shi, kuma ba abin dariya ba ne, domin ba shi kaɗai ya faɗi ba, gidaje da yawa da ke ci a ƙarƙashinsa sun faɗi tare da shi.

Jiha irin tamu, wadda mafi yawan abin da take kashewa daga kason Abuja yake zuwa, tana da 'yan siyasa fiye da bukatarta. Masu kafa masana'anta ne ba ta da su da yawa. Albasar Aliero har yau tana ruɓewa a rumbu saboda rashin wurin ajiya na zamani, ga jami'ar kimiyya da fasaha a cikin garin. Mutumin da zai iya zuba jarinsa a wannan, ya ɗauki samari hamsin aiki, idan muka janye shi muka kai shi majalisa ya zauna shiru, mun yi asara sau biyu. Akwai attajiran da mafi alherin abin da masoyinsu zai gaya musu shi ne, "Alhaji, don Allah ka zauna a kasuwarka, a nan muka fi amfana da kai." Ba a rufe masa ƙofar gyara ba. Zai iya jagorantar ƙungiyar 'yan kasuwa su je majalisa su yi magana a kan yawan haraji da shingaye, ko a kan motar kashe gobara, tunda mun ga abin da wuta ta yi wa babbar kasuwar Birnin Kebbi a 2016. Muryar wanda ba ya neman kwangila ta fi ta wanda ke cikin layi ƙarfi.

Wanda kuma ya ga lallai zai fito, to 'yan uwansa 'yan kasuwa su ne ya kamata su fara tace shi, domin su suka san shi tun yana ɗaukar buhu. Kafin ƙungiyar kasuwar Jega ko ta Yauri ko ta Zuru ta ce ta goyi bayan wani, ta kira shi ya zauna a gaban jama'a. A tambayi waɗanda suka yi hulɗa da shi ko yana biyan bashi a kan lokaci, ko mudunsa cikakke ne, ko ya sallami yaransa da abin kirki ko kuwa ya tsotse ƙuruciyarsu ya kore su. Wanda ya danne haƙƙin yaron shagonsa ba zai kare haƙƙin mazaɓa ba. A ce masa, "Ranka ya daɗe, wa za ka bar wa harkokinka? Faɗi sunansa kowa ya ji." Ya yi alkawari a bainar jama'a cewa kamfaninsa da na ƙannensa da na 'ya'yansa ba za su karɓi kwangilar jiha ba muddin yana kan kujera. Yanzu da jihohi ke sa kasafinsu a intanet, ya ɗauki nauyin ciro abin da aka ware wa yankinsa kowace shekara, a juya shi da Hausa, da Dakarci ko Zabarmanci inda ake bukata, ya zo ranar kasuwa ya karanta aiki bayan aiki da farashinsa, masu sayar da siminti da kwano suna zaune suna ji. Shekara ta zagayo ya dawo ya faɗi wanda aka yi, da wanda ba a yi ba, da abin da ya ce a zauren majalisa a kan wanda ba a yi ba.

Na san za a ce wanda ya yi haka gidan gwamnati ba zai bar shi ya koma ba. Mai yiwuwa ne. Amma shi ne kaɗai a cikin 'yan takara da yake da inda zai koma ya ci abinci da mutuncinsa idan an hana shi tikiti, matuƙar bai ƙone jarinsa a hanyar shiga ba, kuma wannan ya rataya ne a kan mu rage abin da muke tatsa daga gare shi lokacin kamfe. Ni dai a zaɓen 2027, attajirin da ya ƙi zama ya amsa waɗannan tambayoyi, ko daga unguwarmu ya fito, ko tirela goma ta shinkafa ya sauke a ƙofar gidanmu, ba zan dangwala masa ba, kuma zan zaunar da mutanen gidanmu in gaya musu dalili.